Naman Kasuwa da Ƙwayoyin Cutar da Suka Gagari Magani



Batun da zan gabatar a gabanku yau ya ratsa fannoni uku waɗanda mu a jami'a muka saba rabawa, kowanne da tsangayarsa da malamansa, watau likitancin mutane, da likitancin dabbobi, da sha'anin abinci. Ita kuwa ƙwayar cuta ba ta san da wannan rabo namu ba. Takan tashi a hanjin kaza, ta hau wuƙar mai fiɗa, ta sauka a teburin mahauci, ta shiga madafi, daga can ta kai yaro gadon asibiti, inda likita zai ba shi maganin da ya saba bayarwa, ya ga bai yi kome ba. Sawun wannan tafiya nake so mu bi, mu ga inda aka fi samun ɓaraka a cikinta.

Bari mu fara daidaita kalmomi. Idan na ce ƙwayar cuta ina nufin irin wadda masana ke kira bakteriya, halitta mai rai wadda ido ba ya gani sai da madubin likita, mai hayayyafa ta hanyar rabuwa biyu. Ban haɗa da bairos ba, irin mai kawo mura ko ƙyanda, domin shi magungunan da za mu tattauna ba su taɓa shi ko kaɗan. Magungunan kuwa su ne ake kira antibayotik, kamar penisilin da tetarasaikilin, wanda da yawanmu muka sani a cikin kafso mai ja da rawaya. Sa'an nan idan an ce an sami bijirewa, mutane da yawa sukan ɗauka jikin majiyyaci ne ya saba da magani. Ba haka ba ne. Ƙwayar ce ta sami dabarar da magani ba ya cin ta, saboda haka wanda bai taɓa shan wani magani ba tun da aka haife shi yana iya kamuwa da ƙwayar da ta riga ta gagari wannan magani a jikin wani mutum ko wata dabba.

Yadda abin yake faruwa ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya san gona. A cikin hanjin dabba guda akwai ƙwayoyi miliyoyin miliyoyi, mafi yawansu ba su cutarwa, kuma a cikinsu ba a rasa 'yan kaɗan masu jure wa magani. Idan magani ya shiga sai ya share masu rauni ya bar waɗannan, kamar manomin da ya nome duk ciyawar gonarsa ya bar ƙuduji, ya sakar masa fili da taki. Ƙwayar da ake kira ikolai, idan ta sami ɗumi da abinci, tana rabuwa biyu duk minti 20, watau guda ɗaya tana iya haura miliyan 2 a cikin awa 7. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a asibitin St Mary's na Landan a 1928, ya hango wannan. A laccar da ya yi lokacin karɓar kyautar Nobel a 1945 ya yi kashedi cewa wanda ya sha maganin ƙasa da ƙima yana koya wa ƙwayoyin cuta jure masa ne kawai. Ku riƙe wannan kashedi, domin shekara 5 bayansa aka mai da ba da magani ƙasa da ƙima ya zama sana'a.

Yadda magani ya shiga akurki

A ƙarshen 1948 wani masani mai suna Thomas Jukes, tare da abokin aikinsa Robert Stokstad, suna aiki a kamfanin magunguna na Lederle a jihar New York ta Amurka, suna neman hanya mai araha ta ƙara wa abincin kaji bitamin B12. Sai suka gwada ba 'yan tsaki tukar da ke saura bayan an tace wani sabon magani mai suna oreyomaisin, ɗan gidan tetarasaikilin. 'Yan tsakin da suka ci tukar suka yi girman da bitamin kaɗai ba zai iya bayarwa ba. Da aka bi diddigi sai aka tarar ɗan ragowar maganin da ke cikin tukar ne ya yi aikin. Aka sanar da duniya a 1950, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a 1951, kafin a jima masu kiwon kaji da aladu da shanu sun shiga zuba magani a abincin dabbobi masu ƙoshin lafiya, kullum, kaɗan-kaɗan, ba don wata cuta ba sai don su yi saurin ƙiba. Wannan ne kuma ya ba da damar cusa dubban kaji a ɗaki guda ba tare da annoba ta share su ba. Naman kaza ya yi araha, kuma ya kamata mu faɗi gaskiya, talakawa da yawa sun amfana.

Ana cikin haka sai wani labari ya fito daga Japan wanda ya sauya lissafin baki ɗaya. Likitoci a can suna fama da atini wanda ya gagari magunguna huɗu a lokaci guda, kuma a 1959 suka nuna cewa ƙwayar atinin tana iya karɓar wannan dabara daga ikolai, wadda ba jinsinsu ɗaya ba. Dabarar tana rubuce ne a jikin wani ɗan zoben gado da ake kira filasmid, wanda ƙwaya ke miƙa wa maƙwabciyarta idan suka haɗu, kamar yadda ake aron laya. Ma'anar wannan ga mai sayen nama babba ce ƙwarai. Ba sai ƙwayar da ke jikin naman ta kasance mai cutarwa ba. Ko da marar lahani ce, idan ta isa hanjin mutum tana iya barin zobenta ga wata mai lahani.

Ingila ce ta fara ɗanɗana abin a fili. Daga 1964 wani nau'in salmonela mai bijire wa magunguna da dama ya bazu a cikin maruƙan da ake fatauci daga gona zuwa gona, ya kuma kama mutane. E. S. Anderson na ɗakin binciken Colindale ne ya bi sawunsa. Gwamnati ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Michael Swann, shugaban Jami'ar Edinburgh, wanda rahotonsa na 1969 ya ce kada a ƙara amfani da magungunan da ake warkar da mutane da su, kamar penisilin da tetarasaikilin, wajen ƙiba dabbobi. Masu harkar suka amsa da tambayar da har gobe ake yi: ina shaidar cewa abin da aka ba kaza yana isa jikin mutum?

Shaidu uku

Shaida ta farko ta zo ne, abin mamaki, da kuɗin ƙungiyar masu sayar da magungunan dabbobi ta Amurka, waɗanda suka ɗauki nauyin binciken. Likita Stuart Levy na Jami'ar Tufts ya sami wata gona kusa da Boston inda ba a amfani da magani, ya kawo kaji 300, ya raba su, wasu yana sa musu tetarasaikilin a abinci, wasu babu. Cikin mako guda kusan duk ikolai da ke hanjin kajin da suka ci magani sun zama masu bijirewa. Bayan wata 3 sai ga su suna bijire wa wasu magungunan da ba a taɓa ba kajin ba. Bayan wata 5 zuwa 6 abin ya bayyana a jikin mutanen gidan: kashi 31 cikin ɗari na bayan-gidan da aka gwada daga gare su cike yake da ƙwayoyi masu bijire wa tetarasaikilin, alhali a wajen maƙwabtansu bai kai kashi 7 ba. Mutanen nan ba su sha maganin ba. An buga sakamakon a 1976. A shekarar da ta biyo baya shugaban hukumar abinci da magunguna, Donald Kennedy, ya nemi ya hana wannan ɗabi'a, amma majalisar dokoki ta taka masa birki, kuma sai a watan Janairu 2017, bayan shekara 40, Amurka ta daina ƙiba dabbobi da magungunan da mutane ke bukata.

Binciken Levy ya tsaya ne a kan mutanen da ke zaune da kaji. Shaida ta biyu ita ce ta shigo da naman kanti, kuma ita ce na fi so ɗaliban likitanci su riƙe. A farkon 1983 mutane 18 a jihohi huɗu na tsakiyar Amurka suka kamu da zawo mai tsanani na wata salmonela mai bijire wa amfisilin da tetarasaikilin. An kwantar da 11 a asibiti, ɗaya ya rasu. Abin da ya ɗaure wa masu bincike kai shi ne, 12 daga cikinsu sun sha magani ɗan gidan penisilin kwana ɗaya ko biyu kafin zawon, saboda wasu larurori dabam kamar ciwon maƙogwaro, har aka fara zargin maganin ne ya gurɓata. Scott Holmberg da abokan aikinsa suka bi zaren har ya kai su ga niƙaƙƙen naman shanu daga wani garke a Dakota ta Kudu, inda ake sa wa shanun tetarasaikilin a abinci don ƙiba. To, ga abin da ya faru. Mutanen sun ci naman, salmonela ta shiga hanjinsu amma ba ta da yawan da za ta kayar da su, domin ƙwayoyin hanji na asali sun tare mata wuri. Da suka sha magani sai ya kashe masu tare wurin, ita kuwa bai taɓa ta ba. Maganin da aka sha don a warke shi ya buɗe wa cuta ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shaida ta uku daga Kanada take, kuma a ganina ita ta fi kowacce ƙarfi, domin an ga abin ya hau, ya sauka, ya sake hawa. A lardin Kebek gidajen ƙyanƙyasar kaji sun saba yi wa ƙwai allurar wani magani mai suna seftiyofur kafin a ƙyanƙyashe. Wannan magani ɗan'uwa ne na kusa ga seftiriyazon, wanda likita ke dogara da shi idan salmonela ta shiga jinin ƙaramin yaro ko mace mai ciki. Ma'aikatan gwamnati suna sayen kaji a kantuna a kai a kai suna gwadawa, suna kuma gwada abin da aka samu daga majiyyata. A 2004 kashi 62 cikin ɗari na salmonela nau'in Heidelberg da ke jikin kajin kanti na bijire wa maganin, a jikin mutane kuwa kashi 36. A 2005 gidajen ƙyanƙyasa suka daina allurar bisa raɗin kansu. Zuwa 2006 adadin ya faɗo zuwa kashi 7 a kaji, kashi 8 a mutane. A 2007 wasu suka koma wa allurar, sai na kaji ya sake tashi. Wanda ya ga wannan lissafi ya ce babu alaƙa tsakanin akurki da asibiti, to, gardama kawai yake so.

Abin da ke kan teburin mai nama

Ta yaya ƙwayar hanji ke hawa tsoka? Tsokar dabba mai lafiya, kafin a yanka, kusan babu ƙwayar cuta a cikinta. Gurɓatar tana zuwa ne a wajen fiɗa da fige gashi da fid da kayan ciki, sa'ad da fata mai kashi ta shafi nama, ko wuƙa ta huda tumbi ko hanji, ko aka tsoma kaji ɗari a ruwa guda. Saboda haka ƙwayoyin suna saman nama ne. Niƙa kuwa yana cusa na sama zuwa ciki, ya kuma haɗa naman dabbobi da yawa wuri guda, shi ya sa niƙaƙƙen nama ya fi gunduwa hatsari.

Da masana suka fara shiga kantuna suna saye suna aunawa, abin da suka tarar bai yi daɗin ji ba. Wani bincike da aka buga a 2001 ya gwada niƙaƙƙen nama ƙunshi 200 daga manyan kantuna uku a kewayen birnin Washington. An sami salmonela a 41. Kashi 84 cikin ɗari na waɗanda aka ware suna bijire wa aƙalla magani ɗaya, kashi 53 kuwa aƙalla uku. A Holan, a 2011, an gwada naman kaza 98 daga kantuna aka sami ƙwayoyi masu karya magungunan gidan seftiriyazon a kashi 94 cikin ɗari. Ku lura, waɗannan ƙasashe ne masu firiji da mayanka ta zamani da ma'aikatan duba nama. Naman yana da kyan gani, ba wari, ba sauyin launi. Hanci da ido, waɗanda uwargida ke dogara da su a kasuwa, suna gane ruɓaɓɓen nama ne kawai, ba su gane wannan.

Labarin kolistin ya nuna iyakar inda abin zai iya kaiwa. Tsohon magani ne wanda likitoci suka jingine a shekarun 1970 domin yana taɓa ƙoda, sai ya yi araha, masu kiwo suka ɗauka. Da sababbin magunguna suka fara gazawa a asibitoci sai aka koma masa a matsayin makami na ƙarshe. A watan Nuwamba 2015 masana a ƙasar Sin, tare da abokan aikinsu na Birtaniya, suka ba da sanarwar sun gano ƙwayar gado ta bijire wa kolistin, wadda suka sa wa suna mcr-1, a jikin filasmid mai yawo. Sun same ta a kashi 21 cikin ɗari na dabbobin da suka gwada, da kashi 15 na ɗanyen nama, da kashi 1 na majiyyatan asibiti. Jerin nan kansa yana nuna inda ruwan ya fito da inda ya nufa. Cikin 'yan watanni aka gano ta a ƙasashe da dama na nahiyoyi dabam-dabam, kuma Sin ta hana ƙiba dabbobi da kolistin a 2017.

A nan dole in ja linzami, kada a fita daga zauren nan ana cewa nama ne tushen duk bijirewar da ake gani a asibiti. Ba shi ne ba. Wani nazari da aka yi a Holan, aka buga a 2019, ya ƙiyasta cewa wajen kashi 60 cikin ɗari na irin ƙwayoyin nan da ke hanjin jama'ar gari daga mutum suka zo zuwa mutum, abinci duka kuwa wajen kashi 19 ne. Tarin fuka mai gagarar magani ba daga mahauta yake ba. Ita ma taifot, ko da yake salmonela ce ke kawo ta, nau'inta a jikin mutum kaɗai yake rayuwa, kuma ta ruwa da abincin da bayan-gidan mutum ya gurɓata take yaɗuwa. Babban kaso na laifin yana kan yadda mu da kanmu muke sha da bayar da magani. Amma rabon nama rabo ne na gaske, kuma a kan salmonelar zawo da kamfilobakta, waɗanda gidansu hanjin dabba ne, shi ne babba. Ga shi kuma an ƙiyasta a 2017 cewa wajen kashi 73 cikin ɗari na irin magungunan nan da ake sayarwa a duniya dabbobin kiwo ake ba.

Haka kuma janye magani ba kullum yake mai da hannun agogo baya ba. A Denmark ya yi aiki. A 1994 ƙasar ta yi amfani da kilo 24 na bankomaisin wajen jinyar mutane, da kilo 24,000 na ɗan'uwansa abofasin a abincin dabbobi. Da aka hana abofasin a 1995, ƙwayoyin hanjin kaji masu bijirewa suka sauko daga wajen kashi 73 cikin ɗari zuwa wajen kashi 6 a 2000. Suwidin ta riga kowa, tun 1986 ta hana ƙiba dabbobi da magani, Tarayyar Turai duka ta bi a 2006. Amma a Amurka, da aka janye enrofulokzasin daga kaji a 2005, kamfilobakta mai bijirewa ba ta ja da baya yadda aka zata ba. Wata ƙwayar idan ta koyi dabara ba ta mantawa. Shi ya sa jinkirin shekara 40 ba ƙaramar asara ba ce.

Rabonmu a ciki

Babban binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka gagari magani, kuma yankin da ya fi kowanne yawan mace-mace gwargwadon jama'arsa shi ne Afirka ta Yamma, da mutum 27 a cikin kowane 100,000. Adadin ya haɗa kowace hanya, ba ta nama kaɗai ba, amma yana koya mana abu guda. A ƙasa mai wadata, idan magani na farko ya gaza, ɗakin gwaji zai faɗi na biyu, kuma yana nan a kanta. A wajenmu sau da yawa ba a yin gwajin, na biyun kuma ya fi ƙarfin aljihun mai jinya. Bijirewa iri ɗaya, sakamako dabam.

Hanyoyin da na lissafa kuwa duk muna da su, wasu ma a buɗe. Kiwon kajin gidan gona ya yaɗu a kewayen biranenmu, kuma mai kiwo da yawa yakan fara zuba garin magani a ruwan 'yan tsaki tun ranar da suka iso, da sunan rigakafi. A kasuwar dabbobi ana sayar da allurar tetarasaikilin ba tare da takardar likita ba, makiyayi ya auna da ido. Ban ga laifin makiyayi ko mai kaji shi kaɗai ba. Wanda ya zuba jarinsa duka a kaji 500, likitan dabbobi kuma yana da nisa, abin da ya sani zai yi. Sa'an nan akwai al'adar gaggauta sayar da dabbar da aka yi wa allura ba ta tashi ba, don kada ta zama mushe. Wannan yana kawo matsala ta biyu wadda ya kamata a bambanta ta da ta farko, watau ragowar maganin kansa a cikin nama da hanta da ƙoda. Kowane magani yana da wa'adin da za a jira kafin a yanka, a rubuce jikin kwalba, kuma na allurar tetarasaikilin mai daɗewa a jiki yakan kai mako 3 zuwa 4 ko fiye. Dahuwa tana kashe ƙwaya, amma ba a dogara da ita wajen kawar da ragowar magani.

A kwata kuwa kowa ya san yadda ake fiɗa a ƙasa, ana wanke tumbi kusa da tsoka, ruwa ba ya isa, a ɗora nama a bayan babur ko a amalanke, ya wuni a kan tebur cikin zafin bazara. Ku tuna lissafin minti 20. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin zafi ƙwayoyin nan ke hayayyafa, kuma teburin mahauci a watan Afrilu yana tsakiyar wannan zango.

Duk da haka muna da wata garkuwa wadda Bature mai cin nama da jini-jini ba shi da ita. Ƙwayar da ta gagari magani ba ta gagari wuta ba. Idan zafi ya kai digiri 70 har tsakiyar nama, mai bijirewa da marar bijirewa duk mutuwa suke yi, kuma naman da ya daɗe yana tafasa a tukunyar miya ya wuce wannan da nisa. Saboda haka hatsarinmu ba a cikin tukunya yake ba, yana kewayenta ne: hannun da ya taɓa ɗanyen nama ya koma ya ba yaro abinci, wuƙar da ta yanka kaza ta yanka latas da tumatir, kwanon da aka ɗauko ɗanye a ciki aka mai da dafaffe. Tsiren da ya gasu a tukuba lafiyayye ne lokacin da ya bar wuta. Abin dubawa shi ne katakon da aka yayyanka shi a kai, da ɗanyar albasa da kabejin da aka barbaɗa masa, da wanda ya kwana aka ɗan ɗumama. Haka kilishi, bayan gashi sai a kula da ƙura da hannu da takardar naɗi. Kamfilobakta ba ta bukatar yawa, 'yan ɗaruruwa sun isa su kwantar da mutum, kuma ɗigon ruwan kaza guda yana iya ɗaukar fiye da haka.

Saboda wannan ne hukumar abinci ta Birtaniya, wadda bincikenta na 2014 zuwa 2015 ya sami kamfilobakta a kashi 73 cikin ɗari na kajin kanti, ta shawarci jama'a su daina wanke ɗanyar kaza, domin fantsamar ruwan tana yaɗa ƙwayar a madafi. Shawarar ta dace da kazar da ta zo a gyare cikin leda. Mu da muke yanka a gida ko a kasuwa, da jini da gashi da ƙasa, ba mai cewa kada mu wanke. Abin da ya dace da mu shi ne a wanke a cikin roba guda, nesa da sauran abinci da randar ruwa, a zubar da ruwan inda yara ba su wasa, a bi roba da wuƙa da hannu da sabulu. Firiji kuma ba ya kashe ƙwaya, dakatar da ita kawai yake yi. Naman da ya daskare, wuta ta ɗauke ya narke, ta dawo ya sake daskarewa, ya sami duk awoyin da ke tsakani yana tara baƙi.

Amma kada mu ɗora wa uwargida nauyin da ba nata ba. Tsabtar madafi tana tare ƙwayar a zangon ƙarshe, ba ta hana a ƙera ta. Ƙerawar a akurki da garke take, kuma kashin dabbobin nan yana tafiya lambu a matsayin taki, yana bin ruwan sama zuwa rafi da rijiya, hanyar da ba ta bi ta tukunya ko kaɗan. A watan Nuwamba 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe su daina ba lafiyayyun dabbobi magungunan da mutane ke bukata, ko don ƙiba ko da sunan rigakafi. Ba ta ce a bar dabba marar lafiya ba magani ba. Abin da ke maye gurbin garin magani sananne ne: allurar rigakafi ta ainihi a kan lokaci, rage cunkoso, iska, busasshiyar shimfiɗa, ruwa mai tsabta, da hana kowa da kowa shiga ɗakin kaji. Holan ta rage magungunan da take ba dabbobi da fiye da rabi a cikin 'yan shekaru bayan 2009, kiwonta kuma bai durƙushe ba. Nijeriya ta fitar da tsarinta na ƙasa kan wannan matsala a 2017, ta sabunta shi a 2024. Tsari a takarda kuwa ba ya isa kwata sai da sarkin fawa da duba-gari da malamin dabbobi, da famfo mai ruwa da ƙugiyar rataye nama.

Akwai aiki guda da ya rataya a wuyan jami'a. Mutanen Kebek sun ga abin da suka gani ne domin akwai masu zuwa kanti suna sayen kaza kamar kowa, wata bayan wata, suna gwadawa ta hanya guda. Gwajin ba ya bukatar na'ura mai tsada. Tun 1966 aka daidaita shi: a shuka ƙwayar a faranti, a jera mata ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna dabam-dabam, a bar ta ta kwana a ɗumin jikin mutum, da safe a auna faɗin filin da kowane magani ya share da rula. Ɗalibin shekarar ƙarshe yana iya yi, kuma da yawa sun yi. Sai dai kowa yakan zaɓi kasuwarsa da magungunansa, ya rubuta kundinsa, a ajiye a kanta, na bana ba ya haɗuwa da na bara. Abin da nake ba da shawara shi ne tsangayar likitancin dabbobi da ta likitancin mutane su zaɓi kasuwanni ƙayyadaddu, da ƙwayoyi uku, salmonela da ikolai da kamfilobakta, da jerin magunguna guda, a riƙa gwada naman kasuwa da abin da aka samu daga majiyyatan asibitin koyarwa a ɗaki ɗaya, a buga adadin kowace shekara cikin Hausa da Ingilishi, a kai kofe ga ƙungiyar mahauta da ta masu kiwon kaji.